Filin Tambaya da Amsa: Labaran Almara na Matasa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata daga Katsina da Daura kusan duk kan abu guda suka zo, wato littattafan almara na matasa, irin masu aljannu da bokaye da takubban tsafi. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare. Na rubuta babi 9 na labarin wata marainiya da aka kai makarantar koyon sihiri, aka gano ita ce wadda bokaye suka daɗe suna faɗin zuwanta. Ƙawayena sun ce wankiya ce daga fim. Wallahi ban kwafa ba. Yaya zan yi labarin ya zama nawa? (Wata ɗaliba, Daura)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Mun yarda ba ki kwafa ba, amma ƙawayenki ma ba ƙarya suka yi ba. Duk abin da ya fara faɗo miki a rai idan kin ɗauki biro, shi ne abin da kika fi gani, kuma shi ke faɗo wa duk wanda ya kalli finafinan da kika kalla. Marainiya, makarantar sihiri, da faɗar bokaye, ukun nan sun riga ki zuwa.

Ga gwajin da za ki yi. Ki rubuta labarin gaba ɗaya a jimla 10, ba tare da sunan kowa ba. Ki ba ƙawa biyu su ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da suka taɓa gani a wani wuri. Kowace jimlar da aka ja wa layi, ki zauna ki rubuta mata hanya 5 da abin zai iya kasancewa daban. Ki watsar da ukun farko, domin su ma daga finafinan suke fitowa. Ta huɗu da ta biyar su ne suke fitowa da wahala, kuma galibi daga gidanku da unguwarku suke fitowa. Misali, idan ba marainiya ba ce fa? Idan iyayenta na raye, tana da ƙanne huɗu, kuma dole ta dawo gida kafin magariba ta ɗora tuwo? Nan take kin sami matsalar da za ta bi ta babi bayan babi: kowace fita sai da ƙarya ko da izini, kowane rauni sai an ɓoye wa Inna. Marubuta na kashe iyayen tauraro ne don su huta da wannan wahala, alhali a cikinta labarin yarinya Bahaushiya yake.

Aro kansa ba laifi ba ne. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina, da ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930 ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare. Amma ya sake musu gari da sana'a da baki da abin dariya, har mai karatu ba ya jin baƙunta. Abin da ake zargi shi ne a ɗauko labari da kayansa a jikinsa, a sauya suna kawai.

Ke kuma a Daura kike. Kowa ya san labarin rijiyar Kusugu: macijin da ake kira Sarki ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ya je ya sare kan macijin, ya auri Magajiya Daurama. Idan kika sake ba da shi haka, ba ki ƙara komai ba. Amma ki tsaya kan kwana shidan nan da babu ɗiba. Gida mai mutum 10, ko lita 15 kowa zai yi amfani da ita a yini, ruwan mako ya kama lita 1,050, wato jarka 42 mai cin lita 25. A yini ɗaya za a ɗebo wannan, daga rijiya ɗaya, da guga, gari guda na layi. Wa ke tsara layin? Gidan wa ke da randuna ashirin, gidan wa ke da biyu? Wa ke sayar da ruwa ranar Laraba, kuma nawa? Magina tukwane wane irin matsayi suke da shi a garin? Ranar da aka kashe macijin, wa ya yi asara, kuma me zai yi a kai? Ki sa yarinya 'yar shekara 15 wadda aikinta ɗaukar tulu, ki bar ta ta gano wani abu game da rijiyar da manya ba sa so a sani. Babu fim ɗin da za a ce daga nan kika ɗauko.

Shawara ɗaya a kan wannan: ki ƙirƙiri sunan gari da na sarauniya naki. Zai ba ki 'yancin juya labarin yadda kike so, kuma ba za ki sa magana a bakin magabatan da masarauta ke girmamawa ba.

Tambaya: Littafin yaƙi nake rubutawa. Jarumina ya mallaki takobin tsafi a babi na 3, yana kashe dakaru dubu a sara ɗaya. Masu karanta mini sun ce daga babi na 6 suke ajiyewa, alhali nan yaƙin ya fi zafi. Ina matsalar take? (Wani matashi, Ƙofar Marusa, Katsina)

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar a babi na 3 take, sai a na 6 ta bayyana. Tun da jarumin ya riƙe abin da ba a cin galaba a kansa, mai karatu ya daina jin tsoro a madadinsa, kuma tsoron nan shi ke sa a juya shafi. Ƙara yawan dakaru daga dubu zuwa dubu ɗari ba ya ƙara komai, domin an riga an san sakamakon.

Kafin ka ci gaba, ka ware shafi guda wanda ba zai shiga littafin ba, ka amsa tambaya huɗu game da takobin. Wa ke iya aiki da shi, kuma don me shi ban da wani? Me yake biya duk lokacin da ya zare shi? Mene ne makarinsa? Mene ne ba ya iya yi ko kusa? Ka manna shafin a bango inda kake rubutu, kada ka saɓa masa ko sau ɗaya.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Duk asirin da ake ba da labarinsa a ƙasar nan yana zuwa da sharaɗi da makari: kada ka ci kaza, kada ka waiwaya, kada ya taɓa ƙasa. A ruwayar baka ta Katsina, Sarki Sanau ba ya kayuwa a kokawa saboda asirin da ke jikinsa, sai da aka bi ta hannun matarsa aka raba shi da shi, sannan Korau ya kada shi ya kashe shi. Daɗin labarin yana wurin raba shi da asirin. Da ba a iya rabawa, da babu abin faɗi.

Tambaya ta biyu, wato me yake biya, ita ce ta fi amfani, kuma ita marubuta suka fi tsallakewa. Gajiya da ciwon kai ba biya ba ne, domin jarumi zai yi barci ya tashi garau. Biyan ya zama abin da ba ya dawowa, kuma yana ƙaruwa. Ɗauki layar zana a matsayin misali. A ce yaro ya same ta, amma duk ɓacewar da ya yi, mutum ɗaya da ya san shi zai manta da shi har abada. Ta farko mai shagon unguwa ne, bai damu ba. Ta uku malaminsu na allo. Ta biyar ƙanwarsa ta gan shi a zaure ta tambaye shi wa yake nema. Yanzu ga babi na ƙarshe, ba yadda za a ceci garin sai ya sake ɓacewa, kuma mutum ɗaya ya rage a gidan. Babu mai ajiye littafi a nan.

Sai wata ƙa'ida: duk abin da zai ceci jarumi a ƙarshe, mai karatu ya riga ya gan shi aƙalla sau biyu a kashin farko na littafin, sau ɗaya yana aiki, sau ɗaya ya ƙi aiki. Aljanin da ya faɗo daga sama a shafi na 180 ya warware komai, ko tsohon da ya ɓullo a daji da ainihin maganin da ake nema, alama ce marubuci ya shiga lungu ya rasa mafita. Idan haka ta faru, a koma baya a dasa abin tun farko.

A kan faɗan kansa, ka rage adadi ka ƙara kusanci. "Ya dinga saran su suna zubewa, jini na malala" jimla ce da za a iya sa wa a kowane littafi. Ka gwada mutum uku a cikin lungu mai faɗin kamu biyu, inda dogon takobi ba ya juyuwa, ga rigar jarumi ta sarƙe a ƙyauren kara, ga ƙaninsa a bayansa. Faɗa ɗaya kada ya wuce kalma 600 zuwa 800, kuma a ƙarshensa wani abu ya sauya wanda ba ya gyaruwa: an rasa doki, an karye hannu, an gane aboki maci amana ne. Faɗan da aka gama kowa yana yadda yake, a cire shi.

Kuma ba dole ba ne labarin ya tafi Misira ko Bagadaza ko birnin Sin. Wanda bai taɓa ganin wuri ba, fadar zinare da kuyangi kawai zai iya kwatantawa. Kai ko ka san ganuwa da ƙofofinta, ka san Hasumiyar Gobarau, ka ji labarin tuddan kaburbura na Durɓi ta Kusheyi da ke wajen Mani, ka ga 'yan tauri da gardawa da maƙera da sarkawa, kowannensu da sirrin gidansu da ake gada. Ka je maƙera ka zauna yini guda, ka ga yadda ake zuga, ka tambayi sunan kowane ƙarfen aiki. Takobin da aka ƙera a gaban idon mai karatu ya fi wanda aka tsinta a kogo nauyi.

Tambaya: Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata. Ɗalibaina na kawo mini labaran da suka rubuta in duba. Kura-kuran sun yi yawa har ban san ta inda zan fara ba. (Wata malama, Katsina)

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Kada ki fara da jan biro a kan ƙa'idojin rubutu, domin za ki ɓata sa'o'i kina gyara shafukan da ƙila za a cire. Daga babba ake farawa.

Karatun farko, ki rubuta jimla ɗaya a gefen kowane babi: me tauraruwa ke so a nan, me ya hana ta. Babin da kika kasa rubuta wa jimlar, ko a haɗe shi da na kusa ko a cire. A nan za ki ga yawancin labaran ba su fara ba sai a babi na 3. Shafukan farko sukan tafi kan tarihin daula da sunayen sarakuna bakwai da asalin gabar aljannu. Ki sa ɗaliba ta fara daga ranar da abu ya ɓaci, tarihin kuma ta raba shi ƙanana, jimla biyu ko uku a inda tauraruwa take bukatar sani. Sabbin sunaye kada su wuce 4 a babin farko, kuma kada biyu su fara da harafi ɗaya.

Karatu na biyu na taurari ne. Ki rufe sunayen masu magana da yatsa ki karanta hirar. Idan ba a gane wa ke magana ba, duk da bakin marubuciya suke magana. Kaka ba ta yin zance kamar jika, bafade ba ya amsa wa sarki kai tsaye, 'yar fari tana da sunan da uwarta ba ta faɗa, aljani mai shekara dubu bai kamata ya yi Hausar 'yan makaranta ba. Ki lura kuma da siffantawa. Shafi guda na farar fata da dogon hanci da gashi har gadon baya ba ya nuna kowa, domin kowace tauraruwa haka ake cewa take. Abu biyu da ita kaɗai ke da su sun isa, kamar tabon ƙuna a wuyan hannu da ɗabi'ar cizon bakin mayafi idan za ta yi ƙarya. Mugu ma a ba shi dalilin da shi a ransa yake ganin gaskiya ne. Wanda yake son halaka duniya don kawai shi mugu ne, yaro ɗan aji uku ma ba ya tsoronsa.

Karatu na uku na jimla ne, kuma da babbar murya ake yin sa. Nan ake kama Hausar da aka ɗora kan ƙashin wani harshe, wadda finafinan fassara da littattafan Turanci suka yawaita. Za ki ga "zuciyarta ta tsallake bugu ɗaya" inda Bahaushe zai ce "gabanta ya faɗi", ko "ya biya hankali" a madadin "ya mai da hankali". Duk jimlar da ɗaliba ba za ta iya faɗa wa kakarta ba tare da kakar ta ce "me?" ba, a sake ta. A nan kuma ake duba idon da ake kallon labari da shi. Idan da "na" aka fara, mai ba da labari ba zai san abin da ke ran boka a wani gari ba. Idan da "ta" ne, a tsaya a kan mutum ɗaya har fitowar ta ƙare. Karin magana kuma a sa shi a bakin wanda ya dace, ɗaya ko biyu a babi. Idan ya yi yawa sai labari ya tsaya cik.

Sai a ƙarshe ƙa'idojin rubutu, su ma ba duka a lokaci guda ba. Ki ɗauki uku a kowane zagaye. Raba kalma: "shi ne" ba "shine" ba, "za ka" ba "zaka" ba, "da shi" ba "dashi" ba. Haɗewa: "yana", "gidansa", "rigarta". Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda masu rubutu a waya suka fi yarwa, alhali akwai allon rubutu na Hausa da ake saukewa kyauta. Ki gyara shafi ɗaya a gabanta, sauran ki bar mata.

Tambaya: 'Ya'yana na son irin waɗannan littattafai, ni kuma ina tsoron tsafin da ke ciki ya taɓa musu aƙida. In hana su ne? (Wani mahaifi, Daura)

Amsa: Alhaji, damuwarka tana kan hanya. Hukunci na malamai ne, mu dai ga abin da za ka duba idan ka buɗe littafin. Ka karanta babin farko da biyun ƙarshe, a nan ake gane inda marubuci ya sa gaba.

Ka duba ko akwai boka ko aljanin da ya san gaibu, duk abin da ya faɗa sai ya faru. Alƙur'ani ya tabbatar da samuwar aljannu, amma a Suratu Saba'i aya ta 14 ya nuna ba su san Annabi Sulaiman (AS) ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi. Littafin da ya ba su sanin gobe ya kauce, kuma ta fuskar fasaha ma ya raunana, tunda an faɗi ƙarshen labari tun farko. Ka duba ko an rubuta surkulle ko haɗin magani dalla-dalla yadda yaro zai iya gwadawa. Wannan haɗari ne na zahiri: zaƙami guba ne mai gusar da hankali, kuma yaron da ya karanta haɗin maganin ƙarfe yana iya gwada wuƙa a jikinsa. Marubucin kirki ƙirƙirar sunan ganyen yake yi. Ka duba kuma ko an mai da ayoyi kalmomin jifa a fagen faɗa, ko an cusa batsa da sunan soyayyar aljani.

Idan littafi ya tsallake waɗannan, a ganinmu barin su karanta ya fi hanawa, musamman idan za ka riƙa tambayarsu abin da jarumin ya zaɓa da abin da ya jawo masa. Da tatsuniyar Dodo da Gizo da Ƙoƙi aka rene mu duka, kuma yaro na rarrabe ƙage da gaskiya idan akwai babba kusa.

Tambaya: Tsawon littafin ya kai nawa, kuma shekarun tauraro nawa suka dace? (Wani ɗalibin kwalejin ilimi, Daura)

Amsa: Ga littafin farko muna ba da shawarar kalma 30,000 zuwa 45,000, babi 18 zuwa 24, kowanne kalma 1,500 zuwa 2,000. A takardar A5 mai ɗaukar kalma kusan 280, wannan zai ba ka shafi 110 zuwa 160. Tauraro ya girmi mai karatu da shekara ɗaya ko biyu, wato 15 zuwa 17 idan 'yan sakandare kake nufi. Ka rufe labarin a littafi ɗaya ko da kana da niyyar na biyu. Idan ka gama, ka ajiye shi mako 4 kafin bita, sannan ka ba matasa uku da ba 'yan gidanku ba. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ka ce su sa alama a shafin da suka fara ajiyewa da wurin da suka rikice.

Tambaya: Na ga wani littafi da ya fito bayan na fara yaɗa nawa, shi ma da zoben da ke kiran aljani. Satar fasaha ce? (Wata marubuciya, Ƙofar Ƙaura, Katsina)

Amsa: Hajiya, zobe mai kiran aljani ya girmi ku duka, yana cikin Alfu Laila. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ba ta kare tunani tsagwaronsa, abin da take karewa shi ne yadda aka zuba shi a rubuce. Don haka ki ajiye littattafan biyu gefe da gefe ki duba abu uku: jimloli ko sakin layi iri ɗaya, jerin aukuwa iri ɗaya babi bayan babi, da ƙananan abubuwan da ke kaɗai kika ƙirƙira, kamar sharaɗin zoben ko sunan da babu shi a ko'ina. Idan waɗannan sun taru, kina da magana, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke karɓar irin wannan ƙorafi. Idan zoben ne kawai, ki ci gaba da aikinki.

Haƙƙinki yana tabbata ne tun daga lokacin da kika rubuta, ba sai kin yi rajista ba, kuma yana ɗorewa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Abin da ke wahala shi ne nuna wa ya riga wani. Ki adana daftarin farko da na biyu da kwanan watansu, ki aika wa kanki kowane babi ta imel ranar da kika gama shi, kada kuma ki jefar da littafin rubutun hannu. Idan za ki buga, ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa, ki kuma kai musu kwafin da doka ta ce a ajiye.